Yosemite: Shin akwai sauran hanyar hawan dutse da ba a taɓa bi ba?

A watannin Mayu da Yuni, da kuma Satumba da Oktoba na kowace shekara, kwarin Yosemite da ke jihar Kalifoniya a Amurka kan cika da masu hawan dutse daga sassan duniya. Da yawa daga cikinsu dutse ɗaya suka zo dominsa: El Capitan, wani falalen dutse mai tsawon kimanin mita 900 da ke tsaye kyam kamar bango.

Tsawon nan ya zarce na Burj Khalifa na Dubai mai mita 828, kuma ya kai ɗaya da rabi na hasumiyar agogon Makka mai mita 601.

Sama da shekara 65 ke nan ana hawan wannan bango. An zana taswirar hanyoyinsa, an raɗa wa kowace suna, an buga littattafan jagora da ke nuna inda za a sa hannu da inda za a kwana. A fitattun hanyoyin har layi ake yi.

Wannan ne ya sa matasan da ke shiga wasan a yanzu ke yawan tambaya: shin magabata sun bar musu wani abu, ko kuwa an riga an hau duk abin da ke hawuwa?

Amsar ita ce akwai saura, kuma da yawa. Abin da ya ƙare shi ne hanyoyi masu sauƙin gani da ke kusa da titi. Waɗanda suka rage suna neman shekaru na aiki, da haƙuri da dokokin gandun dajin, wani lokaci har da rai.

Me ake nufi da hanya a jikin dutse?

Mai hawa ba ya bin dutse yadda ya ga dama. Yana neman tsaga da zai cusa yatsu ko hannu ko ƙafa a ciki, ko wani ɗan tudu da zai riƙe. Jerin waɗannan wurare tun daga ƙasa har ƙololuwa shi ne hanya.

Ana raba hanya zango-zango, kowane zango bai wuce tsawon igiya ɗaya ba. Mutum ɗaya ke yin gaba, abokinsa na riƙe masa igiya. Idan ya kai ƙarshen zango sai ya ɗaure kansa, na bayan ya biyo shi.

A al'adar wasan, waɗanda suka fara bin hanya su ke raɗa mata suna, su faɗi matakin wahalarta, kuma sunansu ne ke shiga littafi har abada. Shi ya sa buɗe sabuwar hanya ke da daraja fiye da maimaita ta wani.

Sai dai salon hawan iri uku ne, kuma a nan ne amsar tambayar take.

Na farko shi ne hawa da taimakon kayan aiki. Mai hawa zai kafa ƙarfe a tsaga, ya rataya ɗan tsanin igiya, ya taka, ya sake kafa wani a sama. Kayan ne ke ɗaukar nauyinsa.

Na biyu shi ne hawa da ƙarfin gaɓɓai. Hannu da ƙafa kaɗai ke ɗaga mutum, igiyar kuwa tana nan ne kawai don ta tare shi idan ya faɗo. Duk zangon da ya faɗo a cikinsa sai ya koma farkonsa ya sake.

Na uku shi ne hawa babu igiya kwata-kwata, inda kuskure ɗaya ke nufin mutuwa.

Hanyar da aka bi da salon farko tana iya shafe gomman shekaru ba wanda ya bi ta da na biyu. A wurin masu wasan, irin wannan hanya da sauranta.

Yadda aka cinye manyan tsagogi

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Ahwahneechee da ke zaune a kwarin suna da tatsuniya a kan El Capitan, wanda suke kira Tutokanula. A cikinta, wasu 'ya'yan dabbar beyar biyu sun yi barci a kan dutse, dutsen ya yi ta tsawo da su har sama. Manyan dabbobi suka gwada hawa suka kasa, sai wata 'yar tsutsa ce ta rarrafa sannu a hankali har ta kai gare su.

Cewa wani dutse ba zai hawu ba ma tsohon zance ne a Yosemite. A shekarun 1860, Josiah Whitney, shugaban masu binciken ƙasa na Kalifoniya, ya bayyana cewa ɗan Adam ba zai taɓa taka kan dutsen Half Dome ba. A watan Oktoban 1875, wani ɗan asalin Sukotlan mai suna George Anderson ya hau shi ta hanyar huda ramuka yana kafa ƙarafa.

Hawan manyan bangaye ya kankama ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. John Salathé, wani maƙeri ɗan asalin Suwizalan, ya ƙera ƙusoshi na ƙarfe mai tauri waɗanda ake bugawa a tsaga, a cire, a sake bugawa ba tare da sun lanƙwashe ba.

A 1957 Royal Robbins da abokansa biyu suka hau fuskar arewa maso yamma ta Half Dome cikin kwana biyar.

A ranar 12 ga Nuwamban 1958, Warren Harding da Wayne Merry da George Whitmore suka kammala hanya ta farko a babban bangon El Capitan, wadda ake kira The Nose, wato Hanci. Aikin ya ci kwana 47 na hawa, a rarrabe cikin fiye da shekara guda, kuma sun huda dutsen sun kafa ƙusoshin dindindin 125.

A 1961 Robbins da Chuck Pratt da Tom Frost suka buɗe Salathé Wall. Daga nan aka shiga rububi. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an riga an bi kusan duk wata doguwar tsaga da ido ke iya hangowa daga ƙasa.

A yau hanyoyin da ke jikin El Capitan kaɗai sun haura 100, wasu na gicciye juna, wasu na tafiya kafaɗa da kafaɗa. Mai neman sabuwar tsaga da ta tashi daga ƙasa har sama ba tare da ta haɗu da hanyar wani ba, da wuya ya samu.

Tsofaffin hanyoyi da suka koma sababbi

Kusan duk waɗannan hanyoyi da taimakon kayan aiki aka buɗe su. Waɗanda aka bi da ƙarfin gaɓɓai daga ƙasa har sama 'yan kaɗan ne. Wannan shi ne babban rumbun abin da ya rage.

Abubuwa biyu suka buɗe ƙofar. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara sayar da wata na'ura da Ray Jardine ya ƙirƙiro, mai buɗewa ta kama cikin tsaga ba sai an buga ta da guduma ba. A farkon shekarun 1980 kuma takalma masu roba mai kama dutse suka shigo.

A 1988 Todd Skinner da Paul Piana suka bi Salathé Wall da ƙarfin gaɓɓai. A 1993 wata mace, Lynn Hill, ta zama ta farko a duniya, tsakanin maza da mata, da ta yi wa The Nose haka, bayan ƙwararrun maza da dama sun gwada sun gaza. A shekarar da ta biyo baya ta maimaita cikin ƙasa da sa'a 24.

Misali mafi shahara shi ne Dawn Wall, ɓangaren da hasken safiya ke fara sauka a kansa. Harding da Dean Caldwell sun hau shi a 1970 cikin kwana 27 da kayan aiki. An daɗe ana ganin ya yi sulɓin da hannu da ƙafa ba za su iya da shi ba.

Tommy Caldwell, wanda ba shi da dangantaka da Dean, ya shafe sama da shekara shida yana lilo da igiya a jikin bangon, yana laluben 'yan ƙananan wuraren riƙewa, wasu ba su wuce kaurin tsabar kuɗi ba. Ya yi haka ne duk da cewa zarto ya datse masa wani ɓangare na manunin hannun hagu tun 2001.

Shi da Kevin Jorgeson sun fara hawan ƙarshe ranar 27 ga Disamban 2014, suka kai sama ranar 14 ga Janairun 2015. Kwana 19 suka yi a jikin dutsen suna kwana a gadon rataye, suka bi zango 32. Jorgeson ya maƙale a zango na 15 har tsawon mako guda, fatar yatsunsa na tsagewa, kafin ya wuce shi.

An auna hanyar a matakin 5.14d, a ma'aunin Amurka da ke tashi daga 5.0 ya tsaya a 5.15. Adam Ondra na Jamhuriyar Czech ya maimaita ta a 2016 cikin kwana takwas. Bayansa sai da aka jira har watan Janairun 2025 kafin Sébastien Berthe ɗan Beljiyam ya zama mutum na huɗu.

Aikin bai tsaya nan ba. A 2019 Caldwell da Alex Honnold sun kammala wata sabuwar hanya a El Capitan mai suna Passage to Freedom, wadda Leo Houlding ɗan Birtaniya ya fara tun farkon shekarun 2000 bai ƙarasa ba.

Ko a hanyoyin da aka sha bi, akan samu abin da ba a taɓa yi ba. Ranar 3 ga Yunin 2017 Honnold ya hau hanyar Freerider babu igiya cikin sa'a 3 da minti 56, kuma fim ɗin da aka yi a kai ya ci kyautar Oscar a 2019. A 2018 shi da Caldwell suka hau The Nose cikin ƙasa da sa'a biyu. A watan Nuwamban 2024, Barbara Zangerl 'yar Ostiriya ta hau Freerider a gwajinta na farko ba ta faɗo ko sau ɗaya ba, abin da ba wanda ya taɓa yi a El Capitan.

Inda titi bai kai ba

Cunkoson da ake gani a kwarin yana ɓoye wata gaskiya. Gandun dajin Yosemite ya kai kimanin murabba'in kilomita 3,000, kwarin da kowa ke zuwa kuwa kusan kashi ɗaya cikin 100 ne kacal na wannan faɗi.

Daga inda ake ajiye mota zuwa gindin El Capitan tafiyar 'yan mintuna ce. Amma akwai bangaye a yankin Hetch Hetchy, da dutsen Watkins, da tsaunukan da ke bayan Tuolumne Meadows, waɗanda sai an yi tafiyar sa'o'i ko kwanaki da ƙafa, ɗauke da igiyoyi da ruwa da abinci. Yawan hanyoyi na raguwa ne gwargwadon nisan wuri da titi.

Ko a cikin kwarin ba komai aka taɓa ba. A 2012 Mikey Schaefer ya kammala wata doguwar hanya mai suna Father Time a dutsen Middle Cathedral, wanda ke fuskantar El Capitan. Dubban masu hawa sun yi shekaru suna kallon wannan bango ba wanda ya bi ta wurin.

Dalilin barin irin waɗannan wurare a bayyane yake. Sabuwar hanya ba a tsaftace take zuwa ba. Akwai ƙasa da ciyawa a cikin tsagogi, akwai duwatsu masu girgiɗi da za su iya ɓallewa su faɗa kan mai riƙe igiya. Mutum na iya shafe watanni yana aiki, ya kai tsakiya, ya tarar da sulɓin da ba ya wucuwa.

Dutsen ma ba a tsaye yake ba

Taswirar hanyoyin na sauyawa ko da ba wanda ya taɓa ta. Hukumar gandun dajin ta ƙididdige zaftarewar duwatsu sama da 1,000 a cikin kimanin shekara 150.

Wani bincike da masanin duwatsu na gandun, Greg Stock, da Brian Collins na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka wallafa a 2016 ya nuna cewa ɓawon dutsen na buɗewa idan rana ta yi zafi, ya koma idan gari ya yi sanyi. Wannan motsi na kullum yana ƙara faɗin tsaga a hankali har ɓawon ya ɓalle.

A watan Yulin 2015 wani ƙaton ɓawo ya faɗo daga Half Dome ya tafi da wani sashe na hanyar da Robbins ya buɗe a 1957. Sai da aka nemo sabuwar mahaɗa kafin hanyar ta sake biyuwa.

Ranar 27 ga Satumban 2017 zaftarewar dutse daga gabashin El Capitan ta kashe wani ɗan Birtaniya, ta jikkata matarsa. Washegari wadda ta fi ta girma ta biyo baya. Farin tabon da suka bari a jikin bangon dutse ne da hannu bai taɓa taɓawa ba, amma kuma yana cikin wuraren da suka fi haɗari.

Rikicin ƙusa

Inda babu tsaga, babu inda za a saka abin kariya sai an huda dutsen an kafa ƙusar dindindin. Tunda yawancin abin da ya rage sulɓi ne, tambayar ko akwai sauran hanyoyi ta koma tambayar ƙusa nawa aka yarda a kafa.

Rigimar ta daɗe. Harding ya huda ramuka kusan 300 a Dawn Wall a 1970. Robbins ya ga hakan cin zarafin dutse ne, sai ya hau a 1971 da niyyar cire ƙusoshin. Bayan 'yan zanguna ya dakata, domin ya gane cewa hawan na da wahala da inganci fiye da yadda ya zata.

A 1972 kamfanin Yvon Chouinard, wanda ƙusoshin bugawa ne babbar hajarsa, ya yi kira ga masu hawa da su daina amfani da su saboda yadda suke farfasa tsagogi.

A 1982 wasu baƙi biyu, Richard Jensen da Mark Smith, suka fara wata hanya a wani sulɓi na El Capitan mai suna Wings of Steel. Wasu 'yan gida da suka zarge su da yawan huda dutse suka bi dare suka sassare musu igiyoyi. Duk da haka sun kammala cikin kwana 39. Sai a 2011 aka samu waɗanda suka maimaita hanyar, kuma suka tabbatar da cewa tana da matuƙar wahala da haɗari.

A 2007 ma an yi cece-kuce a kan hanyar Growing Up a kudancin Half Dome, saboda an kafa ƙusoshin sashenta na sama ne ta hanyar saukowa da igiya daga ƙololuwa, maimakon a taso daga ƙasa kamar yadda al'adar Yosemite ta tanada.

Abin da doka ta ce

Tun 1984 kusan kashi 95 cikin 100 na gandun ke ƙarƙashin dokar kare daji ta 1964, wadda ta hana amfani da injina. Manyan bangayen na cikin wannan yanki. Saboda haka ba a yarda a huda dutse da na'ura mai batir ba. Kowane rami da hannu ake yin sa, da guduma, mutum na rataye a sama.

Ramin da inji zai huda cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya cin mai guduma kusan rabin sa'a. Wannan kaɗai ya rage saurin buɗe sababbin hanyoyi idan aka kwatanta da wuraren hawa na Turai.

Akwai wasu sharuɗɗan. Daga watan Maris zuwa tsakiyar Yuli akan rufe wasu sassan duwatsun saboda wani nau'in shaho da ke sheƙa a wurin. Tun 2021 duk wanda zai kwana a jikin bango sai ya karɓi takardar izini, kuma dole ya sauko da shararsa, har da bahayarsa.

A watan Nuwamban 2023 hukumar kula da gandayen dajin Amurka ta fitar da wani daftari da zai sa a riƙa ɗaukar ƙusoshin dindindin a matsayin abin da doka ta hana kafawa sai an tantance. Masu hawa suka ce hakan zai kawo cikas ga buɗe sababbin hanyoyi da ma sauya ƙusoshin da suka yi tsatsa. Masu rajin kare daji kuwa suka ce ba daidai ba ne a bar ƙarfe a wurin da doka ta ce a bar shi yadda Allah Ya halicce shi.

Hukumar ta janye daftarin a watan Disamban 2024. A farkon Janairun 2025 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan wata doka da ta amince da hawan dutse, har da amfani da ƙusoshin dindindin, a matsayin halastaccen abu a irin waɗannan dazuzzuka. Haramcin injin huda dutse dai na nan.

Farashin neman sabon abu

A watan Oktoban 2006, Todd Skinner, wanda ya buɗe babin hawan El Capitan da ƙarfin gaɓɓai, yana ƙoƙarin yi wa wata tsohuwar hanya haka a dutsen Leaning Tower. Yana saukowa bayan aikin yini sai madaurin ɗamarar da ke haɗa shi da igiya, wanda ya riga ya tsufa, ya tsinke. Ya faɗo ya mutu yana da shekara 47.

Hatta gajerun hanyoyi na nuna yadda masu iya wannan mataki ba su da yawa. Beth Rodden ta hau wata tsaga mai suna Meltdown a 2008, sai bayan shekara 10 aka samu wanda ya maimaita ta.

Ke nan abin da ya rage a Yosemite ya kasu huɗu: tsofaffin hanyoyin da ke jiran mai binsu da hannu da ƙafa, sulɓin da ke tsakanin hanyoyi, bangayen da ke nesa da titi, da sabon dutsen da zaftarewa ke tonowa.

Masu zuwa hutun mako biyu za su ci gaba da bin layi a The Nose. Mai son ganin sunansa a littafin jagora kuwa sai ya tanadi guduma, da abokin da zai riƙe masa igiya shekara da shekaru, ya kuma yarda cewa yana iya kaiwa tsakiyar bango ya juyo hannu rabbana.